Aiki a kamfanin buga littattafai a Bauchi: tambayoyin da ake yawan yi min

Shekara tara na yi a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai a nan cikin garin Bauchi, na shiga a matsayin mai duba kura-kurai na fita ina edita. Tun da na bari kusan duk wata sai wani ya tare ni, ko bayan sallar la'asar ko a waya, ƙanen aboki ne ko yarinyar da ta gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Tatari Ali ko jami'ar ATBU an ce ta kawo takardunta, kowa da tambayarsa amma in ka duba tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in haɗa su wuri guda. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, mun rabu lafiya kuma har yanzu muna gaisawa, abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Wai kamfanin buga littafi da maɗaba'a ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma ka fara gane wannan kafin ka karɓi aiki. Maɗaba'a ita ce mai inji, ka kawo aikinka ka biya ta buga maka, ko katin biki ne ko fosta ko kalanda, ba ruwanta da ko ya sayu. Kamfanin wallafa shi ne mai karɓar rubutu daga marubuci, ya tace, ya tsara, ya nemo lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya zuba kuɗinsa a buga, sannan ya bi makarantu da shaguna ya sayar ya ba marubuci kasonsa. Manyan irin wannan yawancinsu a Ibadan suke, su University Press da Evans da HEBN, sai Learn Africa a Ikeja wanda a da ake kira Longman. Mu a Arewa tarihinmu yana Zariya, kamfanin Gaskiya tun 1945 sai kamfanin wallafa na Arewa, NNPC (ba na man fetur ba), da aka kafa a 1966. To a Bauchi da Gombe abin da za ka fi samu shi ne gauraye, mutum ɗaya yana da inji a baya, ofis a gaba, yau littafin firamare gobe fostar ɗan takara. Namu haka yake. Ka tambaya tun farko wanne ya fi kawo musu kuɗi, don shi ne aikin da za ka fi yi ko me aka rubuta maka a takarda.

Sai wanda ya karanta Hausa ko Turanci ake ɗauka?

Ba dole ba. Edita dai ana son wanda ya san harshe sosai, amma akwai mai buga rubutu a kwamfuta, mai tsara shafi da bango a kwamfuta da CorelDraw ko InDesign, ofaretan inji, masu naɗi da ɗinki da gam, mai yanka, mai sito, kashiya, da 'yan talla masu yawon makarantu. Wanda ya fi kowa iya tsara shafi a wurinmu difloma ce da shi a fannin gona. Abin da za a gwada ka da shi shafi biyu ne cike da kura-kurai da jan biro, a ce gyara. Idan ba ka bambance baƙi da baki, ko gaɓa da gaba, ko ka ga "yace" a haɗe bai dame ka ba, to ka koma ka karanta ƙa'idojin rubutun Hausa tukuna ɗan uwa, digiri ba zai rufa maka asiri a nan ba.

Nawa ake biya? Ka faɗa mana gaskiya

Kaɗan ne. Wallahi kaɗan ne, ba zan yi maka zaƙin baki ba. Lokacin da na fara mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 18,000 ne, ni abin da aka yanka min bai kai hakan ba, aka ce wata uku na gwaji ne sannan a duba, wata ukun nan sai da ya zama bakwai. A 2019 aka mai da shi 30,000, a watan Yulin 2024 aka sa hannu kan 70,000, sai yara su zo min da murna wai ai doka ta ce dubu saba'in. Toh ku saurara, dokar nan ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ta shafi wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da ya yi ba. Yawancin kamfanonin da ke garin nan ba su kai mutum 25 ɗin ba, namu ko ranar da muka fi yawa ba mu kai ba. Ke nan albashinka ciniki ne tsakaninka da mai kamfani, abin da bakinka ya iya nema shi za ka samu.

Kuma biyan ma kala-kala ne. Edita da kashiya da mai sito albashin wata. Mai buga rubutu sau da yawa da shafi ake lissafa masa. Ofareta in ya ƙware ya fi edita samu nesa ba kusa ba, saboda injin bugawa na Kord in ya tsaya komai ya tsaya, kuma wanda ya san cikinsa ba shi da yawa, ana zawarcinsa har daga Jos. 'Yan talla kuma ɗan albashi ne da kamasho a kai, wanda ya iya baki kuma ya san masu makarantu daga Azare zuwa Misau zuwa Darazo zai iya ninka albashina a watan Satumba, amma a watan Fabrairu ka gan shi yana neman bashin kuɗin mai. Abin da nake gaya wa kowa, kar ka tsaya kan jimlar kuɗin kawai, ka cire kuɗin Keke Napep daga unguwarku zuwa ofis sau biyu a rana, in daga Yelwa kake ko Gwallameji ka san abin da ake biya yanzu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ka cire abincin rana, abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya. Akwai yaron da muka yi wannan lissafi tare ya ga abin da zai rage masa bai kai kuɗin data da sabulu ba, na ce masa ya koma ya nemi a ƙara masa alawus na mota ko a bar shi ya riƙa aiki daga gida kwana biyu a sati, kuma aka yarda da na biyun.

Ana biya a kan lokaci?

Ya danganta da wata. Wannan sana'a tana da kaka tana da rani kamar noma. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da makarantu ke shirin sabon zango, aiki kamar hauka kuɗi na shigowa, albashi kan lokaci har da ɗan ihsani. Lokacin zaɓe ma haka in kamfanin na da inji. Amma daga an shiga sabuwar shekara sai ka ji tsit, a ba ka rabi a ce sauran sai wata makaranta ta biya. Mafi tsawon da na taɓa yi ban ga cikakken albashi ba wata uku ne, kuma a ciki matata ta haihu. An biya ni daga baya, duka, wannan zan faɗa don adalci, amma wanda ya ba ni bashin ragon suna bai jira kamfani ba.

Me ya sa kullum oga yake cewa babu kuɗi, alhali muna ganin littafi na fita?

Da farko ni ma na ɗauka rowa ce kawai. Sai da aka fara zama da ni wajen lissafin farashi na gane rabin maganar gaskiya ce. Takarda ita ke cinye mafi yawan kuɗin littafi, kuma kusan duk daga waje ake shigo da ita, masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa wadatar da ƙasar. Tawada da faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafi a kai a sa wa inji ya buga, da kayan gyaran inji su ma na waje ne. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin rim, wato ƙunshin takarda, sai ya zama na safe daban na yamma daban, ka ba makaranta farashi yau kafin ta kawo kuɗi takarda ta tashi. Ga dizal na janareta, don ba za ka fara buga bango mai kala huɗu ka dogara da wutar gari ba. Ga bashi, makarantu masu zaman kansu su karɓi kwali-kwali su ce sai iyaye sun biya, wani sai zango ya ƙare ya dawo maka da ragowar duk sun yi ƙura ya ce ba su sayu ba.

Sai babban ciwon, satar fasaha. Littafin da muka yi wata takwas muna wahala a kai, da ya karɓu ba a yi zango biyu ba sai ga shi a kasuwa da bangonmu da sunanmu da komai, takarda marar kyau, hotuna sun dushe, a rabin kuɗi. Na riƙe shi a hannuna a wani shago, har kuskuren da na san na bari a shafi na arba'in da wani abu yana nan. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, akwai sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2023, amma ƙaramin kamfani bin shari'a ma kuɗi ne. Duk wannan gaskiya ne. Sauran rabin kuma, akwai masu kamfanin da ba sa raba aljihunsu da asusun kamfani, kuɗin makaranta ya shigo yau gobe an sayi fili, ma'aikata su ji a salansa. In ka ga wurin da babu akanta sai oga da wayarsa, ka san da wannan.

Yaya zaman wurin yake, ana mutunta mutum?

Nan ne abin da ya riƙe ni shekara tara. Wuri ne ƙarami kowa ya san gidan kowa, in an yi maka rasuwa a rufe ofis a tafi gaba ɗaya, da azahar a kashe inji a yi jam'i, abokan aikinmu Kirista 'yan Tafawa Balewa da Bogoro su riƙe wurin, ranar Lahadi da Kirsimeti in aiki ya matse mu mu riƙe musu. Da safe a aiko yaro ya sayo masa da miya a ci a faranti ɗaya, oga ma wani lokaci ya sa hannu. Akwai wani dattijo mai ɗinki, Baba muke ce masa, ya fi shekara talatin yana wannan aiki, shi ya koya min yadda ake naɗa babbar takarda ta zama shafi 16 da dalilin da ya sa ake son adadin shafukan littafi ya zama ninkin takwas ko sha shida, abin da ba wanda ya koya min a jami'a.

Amma wannan zumuncin shi ne kuma tarkon. Wurin da ake ce maka "ai mu 'yan uwa ne" da wuya ka buɗe baki ka ce ranka ya daɗe albashina fa, sai ka ji kamar ka yi rashin kunya. Lokacin tashi babu shi a watan Agusta, mun sha kwana a ofis ana tattara shafuka har asuba ba a ƙara ko sisi ba sai shayi da burodi. Sannan ɗan oga ko ƙanen matarsa in yana wurin, laifinsa ba laifi ba ne. Kuma in kuskure ya fita a littafi ba a tambayar mutum nawa ya bi ta hannunsu, mai dubawa ake kira. Sau ɗaya haruffa masu ƙugiya suka rikiɗe a wani littafin Hausa na 'yan aji uku, an buga rubutun da tsohon font irin su Rabi'at da Abdalla, aka kai fayil ɗin wata kwamfuta da ba ta da shi, duk inda ƙ take ta koma q, ɗ ta koma x. Ni na sa hannu a kan gwajin da ke daidai, a wajen yin faranti abin ya lalace, amma daga albashina aka cire wani kaso na takardar da aka yi asara. Ya yi min ciwo sosai. Tun ranar ban sake yarda a yi faranti ba sai an mai da aiki PDF na duba na sa hannu da kwanan wata, na ajiye kwafi a wurina. Kai ma ka yi haka daga ranar farko.

Ni mace ce, zan iya?

Ƙwarai kuwa 'yar uwa, waɗanda suka fi ido a duba rubutu a wurinmu mata ne. Abu biyu za ki daidaita tun kafin ki fara. Na ɗaya lokacin tashi, ki faɗa a fili ba za ki kai dare ba, in aiki ya matse ki tafi da shi gida. Na biyu hutun haihuwa, dokar ƙwadago ta ba da sati 12 da aƙalla rabin albashi in kin yi wata shida kina aiki, amma ƙananan wurare da yawa sai dai a ce "je ki sai kin yi arba'in" ba a maganar kuɗi. Ki tambaya, a rubuta. In da aure ki sanar da maigida yanayin watan Agusta tun da wuri.

Akwai ƙarin girma?

Tsanin gajere ne. Mai duba kura-kurai, mataimakin edita, edita, daga nan sai mai kamfani, kuma kujerarsa ta 'ya'yansa ce. Ni sai da na yi shekara huɗu aka fara kirana edita, kuɗin da aka ƙara bai taka kara ya karya ba. In muƙami kake nema da mataki-mataki irin na gwamnati, nan ba wurinsa ba ne, sai dai manyan kamfanonin Ibadan da Legas, su ma abin da suka fi ɗauka a yankinmu wakilin talla ne.

Girman da ake samu a hannu yake. Na shiga ban san komai ba sai jan biro, na fita na iya tsara littafi daga shafin farko har bango, na iya lissafin rim nawa kwafi dubu zai ci, na san yadda ake neman ISBN da cewa doka ta ce a kai wa Ɗakin Karatu na Ƙasa kwafi uku na duk abin da aka wallafa, na san yadda ake daidaita littafin makaranta da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, na san malaman jami'a da na kwalejin ilimi ta Azare da ta Kangere waɗanda ke neman mai gyara musu rubutu. Yau da wannan nake ci da iyalina. Wanda ya zauna a teburinsa ya ce shi edita ne ba ruwansa da ɗakin inji, bayan shekara biyar zai fita kamar yadda ya shiga. Ka riƙa leƙawa baya, ka riƙe wa ofareta takarda, ka bi ɗan talla Alkaleri ko Dass rana ɗaya ka ji abin da hedimasta ke cewa game da littafin da ka gyara.

Takardar kama aiki, fansho, hutu fa?

Doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, da hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi ma'aikaci kashi 8, amma ta wajaba ne kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Ni ban samu takarda ba sai a shekara ta uku, kuma sai da na nema sau da yawa cikin ladabi. Fansho ban taɓa gani ba. Ka nemi takardar nan ko shafi ɗaya ce, a rubuta aikinka, albashinka, ranar biya, da abin da za a yi in kuskure ya faru. Ba rashin yarda ba ne, addini ma ya ce a rubuta bashi. In mai kamfani ya ɓata rai don ka nemi takarda to ka riga ka ga yadda zaman zai kasance.

Sunana zai fito a littafin?

Yawanci a'a. Sai dai in marubuci mai kirki ne ya sa ka a godiya. Za ka ga yaro a Wunti rungume da littafin da kusan rabin jimlolinsa kai ka sake gina su, ba wanda ya sani sai kai. Ni dai hakan yana faranta min rai har yau, amma in kana son suna gara ka rubuta naka.

Zan iya karɓar aikin gefe?

Kowa na yi, gyaran kundin digiri, fassara, katin biki. Ka yi da kwamfutarka, a lokacinka, kuma kar ka janye marubucin kamfani ka ce ya kawo maka a gida da rahusa, wannan cin amana ne kuma garin nan ƙarami ne, kafin sati labari ya zaga. Ni tun farko na gaya wa oga ina gyaran kundi da daddare, bai hana ba.

To me ya sa ka bari?

Yara sun kai shiga makaranta, aikin gefe ya fara fin albashi, kuma na ga ko na ƙara shekara goma kujerar da nake kai ita ce ta ƙarshe. Na ba da sanarwar wata guda kamar yadda doka ta tanada ga wanda ya wuce shekara biyar, na zauna na koya wa wadda za ta gaje ni duk abin da na sani, na miƙa fayil-fayil da makullin durowa. Har yanzu in aiki ya yi musu yawa a watan Agusta suna turo min, da shafi nake caji, rabi kafin in fara.

An kira ni intabiyu jibi, me zan tambaye su?

Ka je da wuri, ka gaida masu ɗakin inji kafin ka shiga ofis, in ka samu dama ka tambayi ɗaya daga cikinsu a hankali ko an biya albashin watan jiya da na watan Fabrairu. A ciki kuma bayan sun gama nasu tambayoyin ka ce yallaɓai ina da 'yan tambayoyi in ba damuwa: gwajin wata nawa ne kuma nawa za a koma biya bayansa, ranar nawa ga wata ake biya, in an kwana aiki akwai wani abu, wa ke sa hannu na ƙarshe kafin a yi faranti, kuma za a bar ni in koyi tsara shafi. Ka tafi da jan bironka, za su ba ka shafi ka gyara.